Wasan ƙwallon ƙarfe: Kayan wasa da dabarun ƙwarewa

Duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Zariya da kaka, da zarar ya iso garin Kura, abin da zai fara cin karo da shi shi ne shanyar shinkafa a kan shararrun filaye, dama da hagu.

Irin waɗannan filaye dai, idan aka kwashe shanya, ba su rasa komai ba na zama fagen wani wasa da ya samu karɓuwa a Jamhuriyar Nijar, amma da wuya a ji sunansa a bakin matasan arewacin Najeriya.

Wasan shi ne fetank, wato wasan jefa ƙwallon ƙarfe, wanda Faransawa ke rubutawa pétanque.

Ba ya buƙatar gini, ba ya buƙatar lantarki, kuma dattijo na iya kayar da saurayi a cikinsa, domin ba ƙarfin damtse ne ke cin wasan ba. Abin da ke cin sa shi ne ƙwallon da ya dace da hannu, da sanin halin ƙasa, da kuma natsuwa.

Dangi ɗaya, gida biyu

Fetank ɗaya ne daga cikin dangin wasannin da ake gara ƙwallo ko a jefa shi domin a sami wani abu da aka ajiye a gaba.

Wanda ya fi suna a wannan dangi shi ne bolin, wanda ake gani a finafinan Amurka, inda ake gara wani ƙaton ƙwallo a kan doguwar shimfiɗar katako domin a zubar da wasu sanduna goma masu siffar kwalba.

Tsawon shimfiɗar ya ɗan haura mita 18, ana shafa mata mai, kuma inji ne ke sake jera sandunan tare da dawo da ƙwallon. Nauyin ƙwallon kan kai kilo 7 da ɗoriya.

Hakan ya sa bolin ya zama wasan manyan birane irin su Legas da Abuja da Dubai, inda ake biyan kuɗi kafin a shiga zaure.

Shi kuwa fetank ya fi kama da dara, ta fuskar cewa a ƙasa ake yin sa, a ƙarƙashin inuwa, kuma kayan wasan mutum ɗaya ba su fi ƙarfin ƙaramar jaka ba.

Asalin wasan

An faro fetank ne a garin La Ciotat da ke kusa da Marseille a kudancin Faransa, a wajejen shekarar 1907.

Kafin nan akwai wani tsohon wasa a yankin, wanda sai an ɗan yi gudu na taku uku kafin a saki ƙwallo. Wani gwanin wasan mai suna Jules Lenoir ya kamu da ciwon sanyin ƙashi, har gudun ya gagare shi.

Sai abokansa suka rage nisan fili, suka kuma ce kowa ya tsaya wuri guda ya yi jifa. Daga nan sunan ya samo asali, domin a harshen mutanen yankin yana nufin ƙafafu a kafe.

A shekarar 1910 aka yi gasar farko a garin. An kafa hukumar wasan ta duniya a Marseille a 1958, aka kuma yi gasar cin kofin duniya ta farko a garin Spa na ƙasar Beljiyam a 1959.

Da farko ƙwallon na katako ne da ake bubbuga wa ƙusoshi. A shekarun 1920 ne aka fara ƙera na ƙarfe zalla mai rami a ciki, wanda shi ake amfani da shi har yanzu.

Me ya sa ya tsaya a kan iyaka?

Tsakanin Katsina da Maraɗi bai kai kilomita 100 ba, harshe ɗaya ne, kuma dangi ɗaya ne, amma wasannin da Turawa suka bari a ɓangarorin biyu sun sha bamban.

Ingilishi sun kawo kurket da folo da kuma wasan fayif, wato na buga ƙwallo a bango da tafin hannu, wanda Sardaunan Sakkwato, Sir Ahmadu Bello, ya shahara da ƙaunarsa, kuma har yanzu ana yin sa a Katsina.

Faransawa kuwa sun bar ƙwallon ƙarfe a ƙasashen da suka mulka. A Yamai da Maraɗi da Damagaram akwai masu yin wasan, kuma Nijar na tura 'yan wasanta zuwa gasannin ƙasa da ƙasa.

Ke nan ba yanayi ko al'ada ce ta hana wasan tsallakowa ba, tarihin mulkin mallaka ne kawai.

Yadda ake wasan

Ana karawa ne tsakanin ɓangarori biyu, ko mutum ɗaya-ɗaya, ko biyu-biyu, ko uku-uku.

Idan uku-uku ne, kowa na riƙe da ƙwallo 2. Idan kuwa biyu-biyu ne ko ɗaya-ɗaya, kowa na da 3.

Ana zana da'ira a ƙasa mai faɗin santimita 35 zuwa 50. Daga cikinta ake jefa wani ɗan ƙaramin ƙwallon katako mai kaurin milimita 30, ya faɗi a nisan mita 6 zuwa 10. Wannan ɗan katako shi ne abin da kowa ke son ƙwallonsa ya kusanta.

Ɓangaren da ya jefa ɗan katako shi ke fara jifa, sannan ɗaya ɓangaren ya biyo. Daga nan, duk ɓangaren da ƙwallonsa bai fi kusa ba, shi zai ci gaba da jifa har sai ya ƙwace kusancin, ko kuma ƙwallayensa su ƙare.

Idan an gama, ɓangaren da ya fi kusa ne kaɗai ke samun maki, kuma yana samun maki ɗaya a kan kowane ƙwallo nasa da ya fi mafi kyawun na abokin karawa kusa da ɗan katako.

Wanda ya fara kai maki 13 shi ya yi nasara.

Dole ne ƙafafun mai jifa biyu su kasance cikin da'irar, a kan ƙasa, har sai ƙwallon da ya jefa ya dira.

Zaɓen ƙwallo

Dokokin gasa sun tanadi cewa kaurin ƙwallo ya kasance tsakanin milimita 70.5 da 80, nauyinsa kuma tsakanin giram 650 da 800. Dole ne a ga tambarin kamfanin da ya ƙera shi da kuma nauyinsa a zane a jikin ƙarfen.

Kamfanin da ya fi suna wajen ƙera shi shi ne Obut, wanda aka kafa a 1955 a garin Saint-Bonnet-le-Château na Faransa.

Abu na farko da mai saye zai duba shi ne girman hannunsa. Ya riƙe ƙwallon, ya kife tafin hannu yana kallon ƙasa. Idan sai ya matse da ƙarfi kafin ya hana shi faɗuwa, to ya yi masa girma. Idan kuma yatsu sun lulluɓe shi har yana maƙalewa wajen saki, ya yi masa ƙanƙanta.

Abu na biyu shi ne aikin da mutum zai yi a ƙungiya, domin 'yan wasan kashi biyu ne.

Akwai mai ajiya, wanda aikinsa shi ne ya kai ƙwallo kusa da ɗan katako. Shi ya fi son ƙwallo ƙarami mai nauyi, kamar giram 710 zuwa 730, mai tauri, mai zane-zane a jiki. Nauyin na sa ya tsaya da wuri, zanen na sa ya kama ƙasa, ƙanƙantar kuma na sa ya yi wuyar samu.

Akwai kuma maharbi, wanda aikinsa shi ne ya doke ƙwallon abokin karawa ya fitar da shi. Shi ya fi son ƙwallo mai ɗan girma, marar nauyi sosai, kamar giram 680 zuwa 700, mai santsi, kuma ƙarfensa mai ɗan laushi, domin ƙarfe mai laushi ba ya tsalle da yawa idan ya doki wani.

To sai dai mai laushi ya fi saurin cinyewa, musamman a kan tsakuwa. Don haka sabon shiga, wanda bai riga ya san inda ya fi ƙwarewa ba, gara ya sayi matsakaici, mai nauyin giram 700 ko kusa da haka.

Ƙwallon baƙin ƙarfe ya fi kama hannu, amma yana tsatsa, sai ana goge shi ana shafa masa ɗan mai. Na farin ƙarfe marar tsatsa ba ya buƙatar wannan kulawa, sai dai yakan zame a hannun mai gumi.

Hattara da mai araha

A nan ne akasarin sababbin 'yan wasa ke asarar kuɗinsu.

Akwai ƙwallaye masu ƙyalli da ake sayarwa shida ko takwas a jaka ɗaya da araha. Waɗannan na nishaɗi ne kawai. Ƙarfensu siriri ne, kuma sau da yawa yashi ko wani abu makamancinsa ake ɗurawa a ciki domin su yi nauyi.

Ba sa tafiya daidai, suna lotsawa da wuri, kuma ba a yarda da su a gasa ba. Wanda ya koyi wasa da su zai sake koyo ranar da ya riƙe na gaske.

Alamar na gaske ita ce uku-uku ake sayar da su, kuma dukkansu na ɗauke da nauyi ɗaya da lambar ƙira ɗaya.

Haka kuma bai kamata a kai ƙwallo wurin maƙeri ko mai walda domin a ƙara masa nauyi ko a gasa shi ya yi laushi ba. Doka ta haramta hakan, sannan akwai haɗari, domin ƙarfe mai rami a rufe na iya fashewa idan ya sha wuta.

Sauran kayan ba su da yawa, tsumman goge ƙwallo, da awon tela ko na magina domin raba gardama, da takalmi rufaffe, domin ƙarfe mai giram 700 idan ya faɗo a kan yatsa ba ya barin farce. Dattawa masu ciwon baya kan yi amfani da maganaɗisu a ɗaure da igiya su ɗauki ƙwallo ba tare da sunkuyawa ba.

Karanta ƙasa

Filin gasa na da tsawon mita 15 da faɗin mita 4, amma ana amincewa da mita 12 da mita 3 a ƙananan gasanni. Ba a buƙatar ciyawa ko daɓe.

A nan ne mutumin Kura ko Bunkure ko Garun Malam ke da wata baiwa da ɗan birni ba shi da ita.

Tun bayan kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, manoman yankin ke sarrafa ruwan da ke bi ta magudanai zuwa Kadawa da kewaye. Wanda ya saba ba da ruwa a fangali ya san gangare ko da ido bai nuna shi sosai ba, kuma inda ruwa zai bi, nan ƙwallo zai bi.

Ƙasar laka da ta bushe da rani tana da tauri, ƙwallo na gudu a kanta, kuma tsagewarta na karkatar da shi. Jigawa mai yashi na shanye ƙarfin ƙwallo, ya tsaya kusan inda ya faɗi. Burji kuwa, irin na hanyoyin gonaki, ƙananan tsakuwoyinsa na iya kautar da ƙwallo ko ta ina.

Siminti bai dace ba, domin ƙwallo na tsalle a kansa, yana kuma fasa daɓen. Haka nan ya kamata a nisanci bakin titi da gaɓar magudanar ruwa.

Doka ba ta yarda a share ko a cire dutse bayan an fara wasa ba. Abin da aka yarda kawai shi ne mai shirin jifa ya cike rami ɗaya da wani ƙwallo ya yi. Saboda haka gwani kan taka ya je ya dubi fili, ya zaɓi ainihin wurin da yake son ƙwallonsa ya dira, cikin minti ɗaya da doka ta ba shi.

Riƙo da saki

Kuskuren da ya fi yawa shi ne jifa da tafin hannu a buɗe yana kallon sama, kamar mai miƙa sadaka.

Daidai shi ne a kife hannu, yatsu huɗu a haɗe, babban yatsa a gefe ba tare da ya matse ba. Idan ƙwallo ya zame ta kan yatsu wajen fita, yakan juya da baya, wannan juyin ne ke taka masa birki idan ya dira.

Hannu ya yi lilo daga kafaɗa, ya je baya sosai, ya dawo a miƙe kusa da jiki. Bayan saki, hannun ya ci gaba da tafiya har ya nuna inda aka nufa. Ɗaya hannun kuma a ɗan ware shi baya domin daidaita jiki.

Hanyoyin ajiya uku

Ta farko ita ce garawa, inda ƙwallo ke dira kusa da mai jifa, ya gangara sauran tafiyar. Ta dace da fili mai sumul, kuma da yawa kan yi ta a tsugune domin su ga gangaren ƙasa da kyau.

Ta biyu ita ce rabin jifa, ƙwallo ya dira a tsakiyar tazara, ya gara ragowar. Ita ce aka fi amfani da ita, kuma ita ya kamata sabon shiga ya fara ƙwarewa a kai.

Ta uku ita ce cilla ƙwallo sama sosai, ya faɗo kusa da ɗan katako ya tsaya. Ta dace da fili mai tsakuwa ko yashi, amma ita ta fi wuya.

A dukkansu, ido na kan wurin dira ne, ba kan ɗan katako ba.

Sannan ƙwallon da ya tsaya a gaban ɗan katako ya fi wanda ya wuce shi amfani, ko da nisansu ɗaya ne. Na gaba yana tare hanya, kuma idan abokin karawa ya taɓa shi, ƙara matsar da shi kusa yake yi.

Harbi

Harbin da aka fi yabo shi ne ƙarfe ya faɗa kan ƙarfe kai tsaye ba tare da ya taɓa ƙasa ba. Idan ƙwallon maharbi ya kori na abokin karawa ya kuma zauna a gurbinsa, Faransawa na kiran wannan karo, kalmar da ta yi daidai da ta Hausa a furuci, har kusan a ma'ana.

A fili mai laushi ana iya saukar da ƙwallo 'yan santimita kaɗan a gaban wanda ake hari.

Sababbin maharba kan ɗauka cewa ƙarfi ake buƙata, sai su yi wurgi kamar masu jifan tsuntsu a gonar shinkafa. Gwanaye kuwa kan saki ƙwallo ne a hankali, ya yi baka a sama.

Hanyar atisaye mafi sauƙi ita ce wadda ake bi a gasar harbi ta duniya, inda ake harbi daga nisan mita 6 da 7 da 8 da 9. Mai koyo ya fara da mita 6, ya yi harbi 20, ya rubuta nawa ya samu, kada ya ƙara nisa sai ya ga yana samun fiye da rabi.

Mai ajiya kuma ya zana ƙaramar da'ira a ƙasa, ya yi ta ƙoƙarin saukar da ƙwallo a cikinta, ba tare da damuwa da inda zai tsaya ba.

Lissafi

Kafin kowane jifa, ƙungiya ta ƙirga ƙwallayen da suka rage mata da waɗanda suka rage wa abokan karawa.

Idan naku sun fi yawa, harbi na da riba. Idan nasu sun fi yawa, gara a tare hanya a rage asara, domin zagaye ɗaya na iya cin maki 6, kusan rabin wasa ke nan.

Kada kuma a dogara da ido wajen sanin wanda ya fi kusa. Doka ta ɗora awo a kan ɓangaren da ya yi jifa na ƙarshe.

Ga mai shiga zauren bolin

Wanda tafiya ta kai shi birni ya samu kansa a zauren bolin, zai tarar cewa darasin bai canza ba.

Ya zaɓi ƙwallon da bai wuce kashi ɗaya cikin goma na nauyin jikinsa ba, wanda babban yatsa ke shiga raminsa ya fita ba tare da maƙalewa ba. Ya sa takalmin da ake bayarwa a wurin, kada kuma ya tsallake layi, domin bayansa akwai santsin mai.

Ya yi taku huɗu, ya dubi kibiyoyin da aka zana a shimfiɗar maimakon sandunan, kamar yadda ɗan fetank ke duban wurin dira. Mai amfani da hannun dama ya nufi tsakanin sandar gaba da wadda ke damanta.

Afirka a fagen duniya

Fetank na cikin 'yan wasannin da ƙasashen Afirka ke gogayya da Turai kafaɗa da kafaɗa.

Tunisiya da Maroko sun taɓa lashe kofin duniya. Madagaska ta lashe shi a 1999, ta sake lashewa a 2016 a gida, bayan ta doke Jamhuriyar Benin a wasan ƙarshe.

Birnin Dakar ya karɓi baƙuncin gasar a 2008, Kwatano kuma a watan Satumbar 2023, inda Benin ta ci kambun 'yan wasa biyu, mace da namiji.

Masu wasan sun nemi a saka shi a gasar Olamfik ta Paris ta 2024, amma ba su yi nasara ba.

Ga matasan yankin Kura da Bunkure, abin da ake buƙata domin farawa bai wuce ƙwallaye 12 ga mutum shida ba, da ɗan katako ɗaya, da fili mai taku ashirin, da kuma wani daga Maraɗi ko Damagaram da zai nuna musu yadda ake kife hannu.